TSOHON KATIN HOTO NA KWAMFUTA: KO HAR YANZU YANA ƊAUKAR WASANNIN ZAMANI?

A 'yan shekarun nan kwamfuta ta shiga gidajen ma'aikatan gwamnati da ɗakunan ɗalibai a Jihar Kebbi, tun daga Birnin Kebbi da Argungu har zuwa garuruwan bakin fadama irin su Augie. Galibin masu sayenta don aiki suke saye, watau buga takardu, da lissafi, da rubuta kundin kammala karatu. Amma akwai samari da yawa waɗanda in aiki ya ƙare sukan so su taɓa wasan ƙwallo, ko tseren mota, ko na yaƙi a kan na'urar. Irin waɗannan samari tambaya guda ce ke damun su: shin tsohon katin hoto matsakaici, irin wanda aka ƙera tsakanin 2016 da 2019, zai iya ɗaukar wasannin da ake fitarwa yanzu, ko kuwa sayensa zubar da kuɗi ne kawai?

Tambayar tana da nauyi in aka dubi aljihun mai saye. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, kuma a watan Oktoba na wannan shekara Gwamnatin Jihar Kebbi ta tsayar da nata a naira 75,000. A ɗaya ɓangaren, sabon kati matsakaici irin RTX 5060, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a watan Mayu na 2025, dala 299 aka sa masa a Amurka. In aka lissafa dala a kan naira 1,500, farashin da ta haura a cikin 2024, kuɗin ya kama naira 448,500, watau albashin ƙaramin ma'aikaci na kusan wata 6, tun ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Saboda haka ɗalibin da ya fito daga Augie yana karatu a Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ko a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da wuya ya kalli sabon kati. Na hannu yake nema, wani lokaci ma da kuɗin shinkafar rani da ya sha wahalar nomawa a fadamar Gulbin Rima.

MENE NE KATIN HOTO?

Katin hoto wani faifai ne da ake sokawa a cikin kwamfutar tebur, aikinsa shi ne zana duk abin da ido ke gani a kan allo. Rubutu da lissafi ba su bukatarsa, domin ɗan ƙaramin sashen zane da ke haɗe da furosesa ya ishe su. Wasa kuwa dabam yake, domin kowane motsi da mai wasa ya yi, tilas ne na'ura ta sake zana fili da mutane da inuwa da haske baki ɗaya, kuma ta yi haka sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. In ta zana hoto 60 a daƙiƙa, wasa yana tafiya sumul. In ta zana 30, ana iya haƙuri da shi. In ta kasa kai 30, sai a ga hoto yana tsalle-tsalle, ɗan wasa ya buga ƙwallo amma ba ya ganin inda ta nufa sai ta riga ta wuce.

Abubuwa uku ake dubawa a jikin kati. Na farko ƙarfin ƙwayar da ke yin lissafin zanen. Na biyu girman ƙwaƙwalwarsa, inda yake ajiye zanen bango da tufafi da fuskoki kafin ya nuna su, kuma da gigabait ake auna ta. Na uku irin dabarun zane da aka gina masa tun daga masana'anta. Wannan na ukun shi ne mutane suka fi mantawa, alhali kuwa shi ne ya fi yanke hukunci a yau, domin dabarar da ba a gina wa kati ba, babu manhajar da za ta dasa masa ita daga baya.

Girman allo ma yana da nasa tasiri. Allon da aka fi samu a kasuwanninmu shi ne mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wanda ake kira 1080p, kuma yana da ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. Babban allon nan na 4K ya ninka shi sau 4. Tsofaffin katuna matsakaita don allon 1080p aka yi su, kuma duk abin da za a faɗa a nan a kan irin wannan allo ne.

KATIN DA YA YI ZAMANI

In ana zancen tsohon kati matsakaici, sunan da ke fara fitowa shi ne GeForce GTX 1060 na kamfanin Nvidia. An fitar da shi a watan Yuli na 2016 a kan dala 249, da ƙwaƙwalwa gigabait 6, yana kuma cin wuta wat 120. Wata guda bayan haka aka fitar da ƙaninsa mai gigabait 3, wanda ko da yake sunansu ɗaya, an rage masa ƙarfin ƙwaya. Abokin hamayyarsa shi ne Radeon RX 580 na kamfanin AMD, wanda ya fito a watan Afrilu na 2017 da gigabait 8 a kan dala 229, amma shi wat 185 yake ci. Akwai kuma GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019, kowanne da gigabait 4 da cin wuta wat 75, sai GTX 1660 Super na ƙarshen 2019 mai gigabait 6.

Kamfanin Valve, mai babbar kasuwar sayar da wasanni ta intanet da ake kira Steam, yakan yi ƙidaya kowane wata don sanin irin na'urorin da masu wasa ke amfani da su. A wannan ƙidaya GTX 1060 ya riƙe matsayi na ɗaya kimanin shekara 5, daga ƙarshen 2017 har zuwa watan Nuwamba na 2022, lokacin da GTX 1650 ya ture shi. Wannan dogon zamani shi ne asirin tsawon ransa. Masu ƙera wasa 'yan kasuwa ne, ba za su fitar da abin da galibin masu saye ba za su iya bugawa ba, don haka shekara da shekaru suna auna wasanninsu da ƙarfin wannan kati.

WASANNIN DA YAKE ƊAUKA

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a kan wasannin da samarin wannan yanki suka fi so, maganar ta tabbata. Wasan ƙwallon ƙafa na EA Sports FC 25, wanda ya fito a 2024, mafi ƙarancin katin da kamfaninsa ya nema shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, wanda ya ba da shawara kuwa GTX 1660 ne. GTX 1060 yana tsakanin waɗannan biyu, watau zai ɗauki wasan ba tare da wahala ba in an rage wasu ƙawace-ƙawace. Haka ma eFootball na kamfanin Konami, wanda aka mayar kyauta tun 2021. Grand Theft Auto V, wanda ya zo kwamfuta a watan Afrilu na 2015, ya girmi katin ma, kuma tsohon bugunsa katin da bai kai shi ƙarfi ba yana ɗaukarsa. Wasannin gasa ta intanet irin su Fortnite da Valorant da Counter-Strike 2 an gina su ne da nufin kowa ya iya shiga, don haka ba su da tsananin bukata.

Har cikin manyan wasanni akwai waɗanda suka bar masa ƙofa. Elden Ring na 2022 ya sa GTX 1060 mai gigabait 3 a matsayin mafi ƙarancin abin da yake karɓa. Black Myth: Wukong, wanda wani kamfanin ƙasar Sin ya fitar a watan Agusta na 2024, ya sa GTX 1060 mai gigabait 6 ko RX 580 mai gigabait 8. Sai dai ya kamata a fahimci ma'anar "mafi ƙaranci": wasa zai buɗe, zai kuma tafi, amma da ƙawa a matakin ƙasa, kuma sau da yawa a wajen hoto 30 a daƙiƙa.

Labarin Cyberpunk 2077 ya isa misali a kan yadda zamani ke tafiya. Sa'ad da ya fito a watan Disamba na 2020, GTX 1060 mai gigabait 6 shi ne katin da kamfanin ya ba da shawarar a yi amfani da shi. Da aka yi wa wasan babban gyara a watan Satumba na 2023, sai wannan katin dai ya koma mafi ƙarancin abin da ake karɓa. Cikin ƙasa da shekara 3 ya sauko daga tsakiyar tsani zuwa matakalar ƙarshe.

Akwai wata dabara da ta ƙara wa tsofaffin katuna kwana. A watan Yuni na 2021 kamfanin AMD ya fitar da abin da ya kira FSR, inda kati ke zana hoto a ƙaramin girma sa'an nan manhaja ta faɗaɗa shi ya cika allo. Hoton yakan ɗan rage kyau, amma gudu yana ƙaruwa, kuma kamfanin da kansa ya nuna dabarar tana aiki a kan GTX 1060 na abokin hamayyarsa. Irin wannan dabara ta Nvidia, wadda ake kira DLSS, ba ta aiki sai a kan katunan da ke ɗauke da sunan RTX.

INDA ƘARFINSA YA ƘARE

A watan Satumba na 2018 Nvidia ya fitar da katunan RTX, waɗanda aka gina wa wani sashe na musamman mai bin sawun haske, watau lissafa yadda haske ke fita daga fitila ko rana, ya bugi abu, ya dawo ido. Shekaru da dama wannan ado ne kawai, wanda ba ya so sai ya kashe shi. Amma daga ƙarshen 2024 al'amarin ya sake. Indiana Jones and the Great Circle, wanda ya fito a watan Disamba na 2024, da Doom: The Dark Ages na watan Mayu na 2025, duka biyu sun mayar da bin sawun haske wajibi. Mai GTX 1060 ko RX 580 ko GTX 1660, komai rage ƙawar da zai yi, ba a yi waɗannan wasanni don katinsa ba.

Wata sabuwar dabarar kuma ita ce ta sarrafa ƙananan sassan da ake haɗa siffofi da su, wadda katunan da suka girmi jerin GTX 16 da RTX 20 ba su da ita. Da Alan Wake 2 ya fito a watan Oktoba na 2023 yana dogaro da wannan dabara, katunan GTX 10 sun yi ta ɗingishi, sai a watan Maris na 2024 aka yi masa gyara, kuma ko a lokacin GTX 1070 aka sa a matsayin mafi ƙaranci, wanda ya fi GTX 1060 ƙarfi. Final Fantasy VII Rebirth, da ya zo kwamfuta a watan Janairu na 2025, shi ma ya rufe wa waɗannan katuna ƙofa.

Sai batun ƙwaƙwalwa. Gigabait 6 da ake gani da yawa a 2016, a yau daidai wa daida take, mai gigabait 3 ko 4 kuwa yakan cika tun wasa bai yi nisa ba. In ƙwaƙwalwar kati ta cika, sai ya riƙa aro daga ta kwamfuta, wadda ba ta kai tasa sauri ba, a nan ne ake ganin hoto ya tsaya cik na ɗan lokaci, ko bango ya fito kamar an shafe shi da laka.

Daɗin daɗawa, kamfanonin da suka ƙera katunan sun janye hannu. Kowane kati yana aiki ne da wata manhaja da masu sana'a ke kira direba, wadda kamfani ke sabuntawa duk sa'ad da sabon wasa ya fito. A ƙarshen 2025 Nvidia ya fitar da direban wasanni na ƙarshe ga jerin GTX 10 da waɗanda suka girme su, ya kuma yi alkawarin gyaran tsaro kaɗai, duk wata 3, har zuwa Oktoba na 2028. AMD ma tun 2023 ya rage kulawa da jerin RX 400 da RX 500. Katin bai mutu ba saboda wannan, duk wasan da yake ɗauka jiya zai ɗauka gobe. Illa dai in sabon wasa ya zo da matsala a kansa, babu mai gyarawa. Jerin GTX 16 ba ya cikin waɗanda Nvidia ya sallama a wannan sanarwa.

WUTA DA ZAFI DA ƘURA

Masu rubutu a kan katuna a Turai da Amurka ba su cika damuwa da wutar lantarki ba, amma a Augie da Argungu ita ce gaba da komai. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a Jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, kuma babban layin da ke ciyar da yankin daga Kainji yake tasowa zuwa Birnin Kebbi. Jama'a ba su manta da gobarar da ta tashi a tashar wutar Birnin Kebbi a watan Satumba na 2023 ba, wadda ta jefa sassan jihohi uku cikin duhu. Wanda zai sayi kati, tilas ya yi lissafin cewa wani lokaci a kan janareta ko batirin sola zai kunna shi.

A nan bambancin wat 120 da wat 185 ya zama abin dubawa. Wat 65 ne tsakanin GTX 1060 da RX 580. Mai wasa awa 4 kullum, a wata guda wannan bambanci ya kai kusan yunit 8 na wuta. A kan mita ba wani abin tashin hankali ba ne, ko da a farashin naira 225 kowane yunit da aka sa wa 'yan rukunin A a watan Afrilu na 2024. Amma ga mai ƙaramin inbata da batiri ɗaya, wanda kuma fanka da fitilun gida ke kansa, wat 65 na iya zama abin da zai sa batiri ya ƙare tun dare bai raba ba. Haka kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace awa a kan janareta kuɗi ce. Don haka katuna masu wat 75 suna da daraja a wannan yanki fiye da yadda jadawalin gudu ke nunawa.

Wutar da ke hawa da sauka ta fi rashin wuta haɗari. Ita ce ke ƙona akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta, shi kuma in ya tashi mutuwa yakan tafi da kati. Rigakafi ya fi magani: sitabilaiza mai kyau, da UPS in da hali, suna cikin kuɗin kati, ko da yake ba a shago ɗaya ake sayensu ba.

Zafi ma abokin gaba ne. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana a kwarin Rima yakan haura digiri 40. An tsara katunan GTX 10 su fara rage gudu da kansu in zafinsu ya kai wajen digiri 83, don kada su ƙone. Katin da ke aiki lafiya a ɗaki mai sanyi zai kai wannan iyaka da wuri a ɗakin kwano da tsakar bazara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce ke shiga ta toshe ramukan iska. Maganin ba mai tsada ba ne: a ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a hure ƙurar lokaci-lokaci, a rufe ta da ƙyalle in ba a aiki da ita, kuma a sa mai gyara ya sake man nan da ake shafawa tsakanin ƙwaya da ƙarfen sanyaya, domin na katin da ya shekara 7 ko 8 ya riga ya bushe.

Akwai kuma kuɗin intanet. Black Myth: Wukong yana neman gurbin gigabait 130, Indiana Jones 120, EA Sports FC 25 kuwa 100. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Ke nan sau da yawa abin da ke hana ɗalibi buga sabon wasa ba rashin ƙarfin kati ba ne, tsadar sauko da shi ce, ga kuma kuɗin wasan kansa da ake biya da dala.

HATTARA DA KASUWAR GWANJO

Galibin katunan hannu da ke isowa Jihar Kebbi sun biyo ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Ikko ne, ko kasuwannin Kano irin su titin Beirut, ko kuma an yi odarsu ta intanet daga ƙasar Sin. Akwai tarko iri uku da mai saye zai kiyaye.

Na farko katunan da aka yi haƙar kuɗin intanet da su. Kafin ranar 15 ga Satumba, 2022, ana haƙar kuɗin Ethereum da katunan hoto, kuma RX 580 da GTX 1060 suna cikin waɗanda aka fi sa wa wannan aiki dare da rana. A wannan rana aka sauya tsarin kuɗin, haƙa da kati ta daina riba, sai katunan suka kwararo kasuwa. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji, wasu kuma an sauya musu manhajar ciki.

Na biyu jabu. Akwai masu ɗaukar tsohon kati irin GTS 450 na 2010, su sake masa riga, su gyara manhajarsa ya riƙa nuna sunan GTX 1060 ko GTX 1050 Ti. Alama ɗaya mai sauƙi ita ce, in aka ga kati yana da tsohuwar kafar allo mai shuɗin launi ta VGA, to a yi shakka, domin katunan GTX 1060 na ainihi ba su zuwa da ita. Wata manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z tana nuna ainihin ƙwayar da ke ciki, kuma takan rubuta gargaɗi in ta gane jabu ne.

Na uku rikicin suna. Akwai katin da ake kira RX 580 2048SP, wanda aka yi don kasuwar ƙasar Sin, ƙarfinsa kuwa na RX 570 ne. Haka GTX 1060 mai gigabait 3 ba ɗaya yake da mai 6 ba. Araha ba ta ado. Kada a biya kuɗi sai an soka katin a kwamfuta an buga wasa mai nauyi na aƙalla rabin awa, ana duban zafinsa, ana sauraren ƙarar fanka, ana kuma lura ko ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka za su fito a allo. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da gwaji, ko ya ƙi ba da 'yan kwanaki na mayarwa, a bar masa kayansa.

SAURAN JIKIN KWAMFUTA

Kati ba ya aiki shi kaɗai. Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ke kasuwa tsofaffin na ofisoshin Turai da Amurka ne, ƙirar Dell ko HP ko Lenovo, kuma akwatin wutarsu ƙarami ne, ba shi da igiyar da GTX 1060 ke bukata mai baki 6, balle mai baki 8 ta RX 580. Nvidia ya ba da shawarar akwatin wat 400 ga GTX 1060, AMD kuwa wat 500 ga RX 580. Ga irin waɗannan kwamfutoci, katin da ke shan wutarsa daga ramin da aka soka shi kaɗai, kamar galibin GTX 1650 ko RTX 3050 mai gigabait 6 na 2024, shi ya fi dacewa, kuma in akwatin siriri ne sai a nemi gajeren kati.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kai gigabait 16 in da hali, domin 8 ta yi kaɗan ga sababbin wasanni, ko da yake farashinta ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025 saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira da suka yi ta saye. Ma'ajiyar SSD ta zama wajibi ga wasanni da yawa. Sa'an nan kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar galibin furosesa na Intel da suka girmi zuriya ta 8. Wanda ya haɗa tsohon kati da tsohuwar kwamfuta, ya san ya sayi abin da masu shi suka sallama ta fuska biyu.

WA ZAI SAYA, WA ZAI HAƘURA?

Wanda ya riga ya mallaki GTX 1060 mai gigabait 6 ko RX 580 mai gigabait 8, kuma wasanninsa ƙwallo ne da tsere da gasar intanet da manyan wasannin da suka fito kafin 2023, babu dalilin da zai sa ya ci bashi don sabon kati. Ya tsabtace nasa, ya rage ƙawa, ya kunna FSR inda akwai. Ga ɗalibi ma katin yana da sauran amfani wajen zanen gine-gine da na injiniya, da haɗa bidiyon biki da na suna, sana'ar da samari da dama ke samun na kashewa da ita. Sai dai mai son koyon ƙirƙirarriyar basira ya sani cewa bugu na 13 na manhajar CUDA, wanda Nvidia ya fitar a 2025, ya ajiye jerin GTX 10.

Wanda kuwa yanzu zai saya, lissafinsa dabam ne. In kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma ya san iyakar abin da zai samu, tsohon kati mai gigabait 6 ko 8 zai yi masa, muddin farashin ya yi ƙasa sosai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai gigabait 3 dai a bar shi. In kuwa zai iya ƙara haƙuri ya tara, na hannu irin RTX 2060 na 2019, ko RX 6600 mai gigabait 8 da cin wuta wat 132, ko RTX 3060 mai gigabait 12, waɗannan biyun na 2021, sun fi cancanta, domin suna da sababbin dabarun da wasanni suka fara wajabtawa. Abin lura kuma shi ne dala 249 da aka sayar da GTX 1060 a 2016, ita ce aka sa wa Arc B580 na kamfanin Intel mai gigabait 12 a watan Disamba na 2024. A dala farashin kati matsakaici bai yi nisa da inda yake ba, darajar naira ce ta sauya.

Daga ƙarshe, ya kamata iyaye da yayye da ake roƙo su taimaka da kuɗin irin wannan kaya su tambayi yaro sunan wasan da yake son bugawa, a duba abin da kamfanin wasan ya rubuta yana bukata, a gwada da katin da ake shirin saye, tun kuɗi bai bar hannu ba. Su kuma ɗalibai su tuna cewa kwamfutar da aka saya da gumin fadama ko da albashin wata da watanni, karatu ne aikinta na farko, wasa yana biyo baya ne in an sami sarari.